A kan sallaya nake samun mijina, a shimfiɗa kuma in rasa shi

Ummu Hanan:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, domin ba irin wadda ake kai wa uwa ko ƙawa ba ce, kuma ba na so ta zama tonon asirin mijina. Zan tsaya iya abin da ya halatta a faɗa.

Mun haura shekara goma da aure, Allah ya ba mu zuri'a. Maigidana mutumin kirki ne. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai rage ni da ci ko sutura ba, kuma in ana maganar haƙƙin shimfiɗa ba zan ce yana tauye ni ba. Abin da ya ɓace mana ba ya cikin haƙƙoƙin da ake lissafa wa miji. Kwanciyar tamu ta koma sauke nauyi. Yara sun yi barci, kowa a gajiye, shi yana riƙe da waya haskenta na dukan fuskarsa, ni ina lissafin abin da zan fara da asuba. Can sai ya kife wayar ya miƙo hannu, ba ko uffan. Kafin in tattaro hankalina daga kan wanki da aikin makarantar yara, an gama. Ya juya, ni kuma in tashi haɗa ruwan wanka. Ba faɗa muke yi ba. Da faɗa ne ma, da na san inda zan kama.

Da ba haka muke ba. Allah ya ba shi murya, kuma tun yana yaro ya haddace baitocin yabon Annabi (SAW) masu yawa. In yana gyara wani abu a ɗaki sai in ji yana rerawa ƙasa-ƙasa, wani lokacin ya zarce cikin waƙar soyayya ya cusa sunana inda ba wurinsa ba, ina cewa ya bari alhali so nake ya ci gaba. A irin waɗannan darare kafin hannunsa ya iso gare ni zuciyata ta riga ta tafi wurinsa. A hankali rerawar ta ragu har ta ɗauke.

Abin da ya tayar mini da maganar shi ne goman ƙarshe na azumin da ya wuce. Wani dare ƙafarsa ta kumbura bai iya zuwa masallaci ba, sai ya ja ni salla a ɗaki. Ya ɗauko Suratur Rahman yana bi a hankali, ina bayansa, ina jin inda yake tsayawa ya ja numfashi a ƙarshen kowace aya. Da muka sallame ya waiwayo ya ce, "Kin gaji ko mu ƙara?" Wallahi a daren nan na ji kusancinsa fiye da duk wata kwanciya da muka yi a shekarar. Abin ya ba ni tsoro, ya kuma sa mini rai. Me ya sa nake samun mijina a kan sallaya, in rasa shi a shimfiɗa?

Ni dai yadda na taso, ba wanda ya taɓa ce mini wannan abu yana da wata alfarma. Abu ne da ba a faɗa, wanda ake wanka bayansa, don haka na ɗauke shi wata ƙazanta da aka yi wa ma'aurata rangwame a kanta. In kuma ka leƙa abin da ke yawo a waya, jiki ne zalla da salo-salo, ba ko ƙamshin so. Duka biyun ba su ne nake nema ba.

To malamai da masu sani, ku taimaka mini. Akwai hanyar da ibada za ta shigo wannan ɓangare na aure ba tare da an yi wa addini rashin ladabi ba? Na ga ana ba ma'aurata shawarar su kunna waƙa mai sanyi, ni kuma ina tsoron faɗawa haram. Har na yi tunanin ko karatun Alƙur'ani zan riƙa kunnawa a ɗakin, tunda shi ya haɗa mu a wancan daren. Ya halatta?

Almajirin Malamai:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi miki albarka 'yar'uwa, kin yi tambaya cikin kamun kai.

Mu fara da batun ƙazanta, don nan ne tushen. Wankan janaba ba shaida ba ce cewa an yi abin ƙyama. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Huraira ya haɗu da Annabi (SAW) a hanya yana da janaba, sai ya sulale ya je ya yi wanka. Da ya dawo ya faɗi dalilinsa, Annabi ya ce masa, "Subhanallah! Ai mumini ba ya zama najasa." A hadisin Abu Zarri kuma da ke cikin Muslim, Annabi ya ce a saduwar ɗayanku da iyalinsa akwai sadaka. Sahabbai ma sai da suka yi mamaki, suka ce mutum ya biya sha'awarsa kuma a ba shi lada? Ya tambaye su, da a haram ya sanya ta ba zai ɗauki zunubi ba? To haka in ya sanya ta a halal yana da lada.

Ki buɗe Suratur Rum, aya ta 21, inda Allah ya ce ya halitta mana matan aure daga jinsinmu don mu natsu zuwa gare su, ya sanya soyayya da jin ƙai a tsakani. Sannan ki dubi maƙwabtan ayar. Ta 22 halittar sammai da ƙasa ce da bambancin harsuna da launuka, ta 24 walƙiya ce da ruwan da ke rayar da ƙasa. A cikin wannan jeri Allah ya ajiye abin da ke tsakaninki da mijinki. Ayar da ta ce su tufa ne a gare ku, ku ma tufa ne a gare su, wato Baƙara 187, a tsakiyar ayoyin azumi take. Saboda haka abin da kika ji a bayan mijinki a goman ƙarshe ba baƙo ba ne a shimfiɗarku. Halartar zuciya ce. A salla ya kawo hankalinsa gaba ɗaya, ke ma kin kawo naki, ba mai gaggawa. A gado kuwa jikinku ne kawai ke zuwa.

Nana A'isha ta ba mu labarin zamanta da Annabi dalla-dalla. Suna wanka daga mazubi ɗaya, yana riga ta ɗiban ruwa har tana cewa "bar mini, bar mini." Tana shan ruwa tana cikin haila, ya karɓa ya sa bakinsa daidai inda ta sa nata. Yana jingina a cinyarta ya karanta Alƙur'ani, nan ma tana haila. Ki lura, biyu daga cikin waɗannan a lokacin da saduwa ta haramta suka faru. Ke nan kusancin bai jira kwanciya ba, kwanciyar ce take zuwa ta tarar da shi.

Abin yi a aikace: addu'ar da Ibnu Abbas ya ruwaito, "Bismillah, Allahumma jannibnash shaiɗana wa jannibish shaiɗana ma razaƙtana," ku daina yin ta a ɓoye cikin haɗiyar yawu. Ku faɗe ta a fili, kuna kallon juna. Sannan kada sallar nan ta zama ta azumi kaɗai. Abu Dawud ya ruwaito addu'ar rahama ga mijin da ya tashi da dare ya yi salla ya tashi matarsa, da kuma matar da ta tashi ta tashi mijinta, in ya ƙi ta yayyafa masa ruwa a fuska. Kin ga ke ma an ba ki ƙofar farawa.

Amma kunna karatun Alƙur'ani a lokacin saduwa, kada ki yi. A'araf 204 ta ce in ana karanta shi a saurara a yi shiru, ku kuwa hankalinku na wani wuri a lokacin, kuma nan ya kamata ya kasance. Ku karanta kafin nan, ku rufe, ku fuskanci juna.

Waƙa kuma, saɓani mai zafi a kan kayan kiɗa yake. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana su, in ban da ganga mai fuska ɗaya a biki da idi, hujjarsu hadisin ma'azif, wato kayan kiɗa, da ke cikin Bukhari. Ibnu Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, bai karɓi wannan hujja ba, ya halatta. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a cikin littafinsa Ihya'u kan sauraron waƙa, kuma ya taɓo irin tambayarki kai tsaye: waƙar soyayya in mai sauraro matarsa yake nufi da ita a zuciyarsa babu laifi, in kuwa wata da ba ta halatta gare shi ba yake hararowa to haram ce. Muryar mutum ita kaɗai da kalmomi masu tsabta, wannan shi ne mafi sauƙi a wurin malamai. Anjasha, mai kora raƙuman Annabi, yana rera wa raƙuma waƙa a tafiya, Annabi na ji, abin da ya ce masa kawai ya sassauta saboda matan da ke kai. Wallahu a'alam.

Abu Mus'ab:

Malam ya yi bayani mai kyau, sai dai kada 'yar'uwa ta ɗauka maganganun biyu nauyinsu ɗaya. Malaman hadisi irin su Ibnus Salah da Ibnu Hajar sun mayar wa Ibnu Hazm martani, sun tabbatar hadisin Bukhari ingantacce ne. Ni shawarata ki nisanci kiɗa gaba ɗaya.

Ko an ajiye hukunci gefe, ki yi tunani a kan wannan. In kika kunna waƙar wani, kin shigo da mutum na uku ɗakinki. Muryarsa ce za ta motsa ki, kalmominsa ne za su yi aikin da bakin mijinki ya kamata ya yi, kuma gobe in kika ji waƙar a mota shi za ki tuna. Ina ganin wannan zai ƙara wa mijinki lalacin baki ne kawai. Sannan ina tunatar da mu duka hadisin Muslim kan wanda ke yaɗa sirrin shimfiɗa. Kin kiyaye, masu amsawa ma su kiyaye.

Inna Ungozoma:

Ƙanwata, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Na daɗe ina aikin awo da karɓar haihuwa, kuma maganar nan taki ina jin ta daga bakin mata bayan an rufe ƙofar ɗakin awo, yawanci sai an gama komai mace ta ɗaura mayafi sannan ta ce "af, akwai wata 'yar tambaya."

Kalmarki ɗaya ce ta tsaya mini: kafin ki tattaro hankalinki an gama. Wannan ba cuta ba ce, ba kuma raunin so ba ne. Wata likita a Kanada, Rosemary Basson, ta yi bayani a shekarar 2000 cewa mata da yawa, musamman waɗanda suka daɗe a aure, sha'awa ba ta fara zo musu haka kawai. Sai an fara da magana, da taɓawa, da jin an damu da su, sannan sha'awar ta biyo baya. Mijin da bai san haka ba yana jira ya ga alama, matar kuma tana zargin kanta don ba ta ji komai ba tun farko. Jiki kuma yana da yanayi biyu, na fargaba da shirin aiki, da na hutu. Jinin da ke sauka ya shirya gaban mace, ya kuma ba namiji ƙarfi, a yanayin hutu yake sauka. Macen da kunnenta ɗaya ke wurin yaro, tana tsoron a turo ƙofa, jikinta a tsaye yake kamar mai gadi. Don haka sakata a ƙofa, da raba yaro da gadonku, da barin waya a falo, duk suna cikin maganin.

Batun murya kuwa yana da tushe a jiki. A 2011 masu bincike a Jami'ar McGill da ke Montreal sun nuna ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin dopamin, mai sa jin daɗi da ɗoki, a lokacin da mutum ke sauraron sautin da ke ratsa shi, har tun yana jiran gaɓar da yake so ta iso. A 2013 kuma wasu a Jami'ar Gothenburg ta Suwidin sun auna masu rera waƙa tare, suka ga bugun zuciyarsu na hawa da sauka lokaci guda, saboda baitin ne ke tsara musu inda za su ja numfashi. Da kika ce kina jin inda mijinki ke tsayawa a ƙarshen aya, ai numfashinki ne ya bi nasa. Ba sai an kawo kayan kiɗa ba za a samu wannan. Ku zauna kafaɗa da kafaɗa ku yi salati ko tasbihi da murya ɗaya na ɗan lokaci, za ki ji yadda ƙirjinki zai sauka.

Akwai wata hanya da masu binciken saduwa Masters da Johnson suka fitar a Amurka a 1970, har yau masu ba ma'aurata shawara na amfani da ita. Ma'aurata su yi alkawarin wasu darare ba saduwa sam, taɓa juna kawai, a hankali, kowa ya faɗi inda ya ji daɗi. In aka cire dole da gaggawar kai wa ƙarshe, sai hankali ya dawo kan mutumin da ke gabanka.

Kada kuma ki manta da lafiyar maigida. Ciwon suga da hawan jini, da wasu magungunan hawan jinin, suna rage wa namiji ƙarfi. Na sha ganin wanda saurinsa ba rashin kula ba ne, tsoro ne kada ƙarfin ya tafi ya ji kunya. In ya daɗe bai yi gwaji ba, ki lallaɓa shi ya je.

Baban Yara:

Hajiya, bari in yi magana ta ɓangarenmu. Shirun nan da kike gani, sau da yawa kunya ce. Namiji in ya zama uba, nauyi ya hau kansa, sai ya ga kamar rera wa matarsa waƙa wauta ce da ta wuce shekarunsa. Yana iya yiwuwa shi ma yana kewar abin, yana zaton ke ce kika girme shi.

Mai ɗakina an taɓa yi mata aiki, likita ya ce mu dakata na wasu watanni. Ƙafafunta na yin sanyi da dare, sai in ɗumama mai a tafin hannuna in riƙa murza mata daga diddige zuwa yatsu. Zama shiru ana murza ƙafa yana da nauyi, sai na fara karanta mata abin da na haddace, daga nan na koma wasu baitoci da na rubuta mata tun muna neman aure, waɗanda na ɗauka ta manta. Ashe tana riƙe da su har da inda na karya ma'auni, tana gyara mini. A watannin nan na san matata fiye da shekarun da suka gabace su, kuma da ta warke ba mu bar al'adar ba.

Ki kiyaye yadda za ki ɗauko maganar. Kada ki yi ta a gado, kada kuma ki fara da "ka canza," don abin da zai ji shi ne ya gaza, daga nan sai ya rufe. Ki same shi da rana yana cikin walwala, ki kama baiti ɗaya takamaimai ki ce, "Wai yaya ma ƙarshen baitin nan da kake yi da?" Ki fara shi da kanki, ki tsaya a tsakiya. Mai murya ba ya iya barin baiti a rataye.

Saratu:

Ni Kirista ce, amma tambayarki ta taɓa ni, 'yar'uwa, don mu ma da wannan kunyar aka rene mu. A cikin Littafi Mai Tsarki akwai Waƙar Waƙoƙi, mai surori 8, daga farko har ƙarshe mace da namiji ne ke yabon juna, ido da gashi da ƙamshi, kuma macen ce ta buɗe waƙar. Na yi shekaru ina tsallake ta. Wata dattijuwa ce ta ce mini in har aka ajiye ta a tsakiyar littafin Allah, to ba a ji kunyarta ba. Ni da maigidana mukan karanta ta da murya, shi ya ɗauki na namijin, ni na macen. Daren farko dariya ta hana mu ƙarasawa, kuma dariyar ma ta yi mana amfani, don mun daɗe ba mu yi ta a ɗakin ba.

Ummu Hanan:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Malam, hadisin Abu Huraira na san shi tun ina makaranta, amma a babin tsarki kawai na ajiye shi, ban taɓa jin yana magana da ni ba sai yau. Batun kunna karatu na bar shi.

Malam Abu Mus'ab, zan bar kayan kiɗa, maganarka ta mutum na uku ta shige ni. Sai dai ban yarda laifin lalacin baki ne ba. Mutumin da ke fita tun duku-duku ya dawo bayan isha saboda mu, ba zan kira shirunsa lalaci ba. Baban Yara, na riga na san baitin da zan kama. 'Yar'uwa Saratu, na gode da kika shigo.

Inna, akwai abin da ban faɗa ba. Autana bai kai yaye ba, kuma tun haihuwarsa nake jin bushewa, wani lokacin har da zafi, shi ya sa ni ma nake fatan a gama da wuri. Shi ma na damuwa ne ko na jiki?

Inna Ungozoma:

Na jiki ne, ƙanwata, kuma ya zama ruwan dare ga masu shayarwa. Sinadarin prolaktin da ke kawo nono yana danne istrojin, shi kuma istrojin ne ke ba wurin laushi da danshi. Yawanci yana daidaita in al'ada ta dawo ko an yaye yaro. Kafin nan ki nemi man santsi mai ruwa-ruwa da aka yi don ma'aurata a kantin magani, kada ki cusa haɗe-haɗen da ba ki san abin da ke ciki ba. In an yi miki ɗinki a haihuwar kuma nan ne ke zafi, ko akwai ƙaiƙayi, wari ko jini, ki je asibiti a duba ki. Kuma ki gaya wa maigida kina jin zafi, don in bai sani ba zai ɗauka gudunsa kike yi.